Ina 'yan tsanan talabijin da suka rene mu?

Masu saurare a mota ko a shago, da waɗanda data ta yi wa ƙasa suka tsaya karanta rubutaccen shirin, duk ina gaishe ku. Daga nan Katabu nake magana, kan hanyar Kaduna zuwa Zariya.

Yau hirar 'yan tsana za mu yi. Na san yanzu wani zai ce, "Haba malam, duk abin da ke damun ƙasar nan ka rasa abin magana sai 'yar tsana?" Ka yi haƙuri ka bi ni zuwa ƙarshe, in ka ga ɓata lokaci ne sai ka faɗa min. Na kuma san masu iya magana sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. To ni dai yau zan tuna baran, amma saboda bana nake tuna ta.

Bari mu fara raba zare da abawa, don ƙannenmu da aka haifa bayan shekarar 2000. Katun daban, 'yar tsana daban. Katun zane ne, ko da hannu ko da kwamfuta. Ita kuwa 'yar tsanar da nake nufi ɗinka ta ake yi da yadi da soso, a sa mata ido da baki, mutum ya zura hannunsa a ciki ya ɓuya a ƙasa, ya riƙa motsa ta yana yi mata murya. Abu ne da za ka iya taɓawa. In yaro ya je wurin ɗaukar shirin, zai iya rungumar ta, ta kuma juyo ta kalle shi.

A Kaduna talabijin ta fara ne a 1962, zamanin gwamnatin Sardauna, sannan a 1977 aka haɗe tashoshin ƙasar nan ƙarƙashin NTA. Mu da muka taso a ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990, tasha ɗaya ko biyu muka sani. Kuma ba kwana take yi tana aiki ba. A ranakun aiki sai wajen ƙarfe huɗu na yamma ake buɗewa. Kafin nan wasu layuka ne a tsaye a allo, da wata ƙara mai shiga kunne. Sai taken ƙasa, sai mai gabatarwa ya karanto jerin shirye-shiryen ranar, sai a shiga na yara.

A layinmu gidajen da ke da talabijin ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Wadda muke kallo mai baƙi da fari ce, irin mai ƙofa ɗin nan da ake zugewa kamar kabad. In an ɗauke wuta a jona ta da batirin mota. Eriya kuma tana can kan doguwar gora a bayan ɗaki. Kullum akwai yaro ɗaya da za a tura ya juya ta, yana ihu daga waje, "Ta yi?" mu kuma muna amsawa daga ciki, "Koma baya kaɗan! Tsaya! Ka ɓata!" Matar gidan, Allah ya saka mata da alheri, sharaɗinta biyu ne: ka wanke ƙafa, kuma kar ka yi faɗa. Mu goma sha wani abu a kan tabarma ɗaya, ƙanana a gaba, manya a baya, wanda ya makara ya leƙa ta taga.

Shirin da ya fi zama a ranmu shi ne Sesame Street. Ba ma jin Turancin, don haka sunaye muka raɗa musu da kanmu. Ƙaton tsuntsun nan, Big Bird, Jimina muke ce masa. Oscar, mai zama a cikin garwar shara yana masifa, shi ne Sarkin Bola. Cookie Monster kuwa Dodon Biskit, kuma duk yaron da ya cika haɗama a layin sai sunan ya bi shi. Akwai mai baƙar alkyabba da ke ƙirga duk abin da ya gani, in ya gama ya ƙyalƙyale da dariya a yi tsawa. Wallahi da yawanmu a bakinsa muka fara jin ƙirgan Turanci kafin malamin aji ɗaya ya ɗauki alli. Kuma kun san wani abu? Sai da aka kai ni gidan wata gwaggona a cikin Kaduna, mai talabijin mai kala, sannan na ga ashe Jimina ruwan ɗorawa ne. Na dawo na ba da labari, yara suka ce ƙarya nake yi.

Ban da shi akwai The Muppet Show, na su kwaɗo Kermit, da Fraggle Rock na masu zama a cikin kogo. Ranar Lahadi da yamma kuma ga namu na gida, Tales by Moonlight, wanda NTA ta fara a 1984, inda wata anti ke tara yara ta yi musu tatsuniya. Shi wannan mutane ne ke sa kayan dabbobi su fito, amma a zuciyar yaro duk dangi ɗaya ne.

To su waye a bayan waɗannan halittu? Sesame Street ya fara fita ne a Amurka ranar 10 ga Nuwamba, 1969. Wata mata, Joan Ganz Cooney, da wani masanin halayyar ɗan Adam, Lloyd Morrisett, su suka kawo shawarar. Sun lura yara suna haddace waƙoƙin talla a talabijin ba tare da kowa ya koya musu ba, sai suka ce me zai hana a koya musu baƙaƙe da lambobi ta wannan hanya, musamman 'ya'yan talakawa da ke shiga firamare a baya da sa'o'insu? Sai suka ɗauko Jim Henson, mai haɗa 'yan tsana.

Ku ji yadda shi Henson ya fara, don zan dawo kan wannan. Kermit na farko, a 1955 ya ɗinka shi, da tsohuwar kwat ɗin mahaifiyarsa. Idanun kuma ƙwallon tebur ce ya raba gida biyu. Shi ke nan jarin.

Aikin kansa ba wasa ba ne. Mai motsa 'yar tsana yana tsaye ne ko a durƙushe ƙasa da inda kyamara ke gani, hannunsa na dama a sama cikin kan 'yar tsanar, yatsu huɗu a leɓen sama, babban yatsa a na ƙasa. Hannun hagu yana riƙe da siraran ƙarafa masu motsa hannayenta. Ba ya ganin fuskarta, sai dai ya kalli wata ƙaramar talabijin da aka ajiye masa a ƙasa, ya ga abin da masu kallo ke gani. Wasu, irin su Dodon Biskit, mutum biyu ne ke aikinsu. Jimina kuwa, mai tsawon ƙafa 8 da inci 2, mutum ne ke shiga ciki gaba ɗaya. Sunansa Caroll Spinney. Hannunsa na dama a miƙe sama da kansa yana riƙe da kan tsuntsun, da ɗan allo ɗaure a ƙirjinsa yana ganin hanya. Haka ya yi tun daga 1969 har 2018. Kusan shekara hamsin hannu a sama! Kuma shi ne dai muryar Sarkin Bola. Ka ɗaga hannunka na minti biyar kawai ka ji.

Me ya sa sai 'yar tsana? Me ya sa ba malami kawai da allo ba? Su ma sun gwada. Kafin shirin ya fita, a 1969, sun nuna wa yara na gwaji a birnin Filadelfiya. Da farko masana sun ba da shawarar a raba: wurin mutane daban, wurin 'yan tsana daban, kar a rikita yara. Da aka gwada, sai aka ga in 'yan tsana suka fito yara sun nutsu, in mutane zalla suka fito hankalinsu ya tafi wani wuri. Dole aka sauya tsari, aka sa tsuntsun nan da mai garwar shara su zauna a unguwa ɗaya da mutane, suna hira da su kamar maƙwabta.

Ni a ganina sirrin shi ne, yaro ba ya jin tsoron 'yar tsana. Babba in ya yi magana, umarni ne. Ita kuwa sa'arsa ce. Tana kuskure, tana tambayar wauta, tana jin tsoron duhu, a gyara mata a gaban kowa ba tare da an dake ta ba. Yaron da ke kallo sai ya ɗauki gyaran ba tare da an kunyata shi ba.

Shi ya sa take iya faɗar abin da ya yi wa manya nauyi a baki. A ƙarshen 1982 wani dattijo da ke fitowa a matsayin mai kanti a shirin, Will Lee, ya rasu. Suna iya cewa ya yi tafiya, ko su sa wani a madadinsa. Ba su yi haka ba. A 1983 suka yi shiri guda inda tsuntsun ya zo da hoton da ya zana yana neman dattijon, manya suka zaunar da shi suka gaya masa ya mutu, kuma ba zai dawo ba. Ku tuna yadda ake yi mana muna yara in an yi rasuwa: "Ya tafi Makka," "Ta je unguwa." Yaro ya yi ta zaman jira a ƙofar gida.

Irin wannan aiki ya iso har gida. A Afirka ta Kudu, a 2002, aka fito da Kami, 'yar tsana mai shekara biyar, marainiya, mai ɗauke da ƙwayar cutar HIV, amma lafiyarta lau, tana wasa, ana rungumar ta, ana cin abinci da ita. A lokacin da ko sunan cutar mutane ba sa son kamawa. A watan Mayun 2011 NTA ta fara nuna namu na Nijeriya, Sesame Square, da ita Kami ɗin da wani shuɗin gardi mai suna Zobi, direban tasi, wanda ba shi da magana sai ta doya. Suna koyar da ƙirga da baƙaƙe, da wanke hannu, da kwana cikin gidan sauro. Daga baya aka juya shi zuwa Hausa da sunan Dandalin Sesame, tashar Arewa24 ta nuna. Na san a cikinku akwai waɗanda wannan ne nasu na yarinta, kamar yadda Jimina yake namu.

Aiki ne mai kyau, ban raina ba. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Kuɗin daga waje suka zo, daga hukumar USAID ta Amurka. Halittun a Turanci aka haife su, daga baya aka ɗora musu Hausa. Kuma zanen aro ba ya rufe katara. Tambayata ita ce: ina tamu? Wace 'yar tsana ce aka haifa da Hausa, wadda in ka kama sunanta yaron Kano da na Maraɗi da na Zangon Kumasi duk za su yi murmushi? A wasan kwaikwayo na manya mun yi. Nan Kaduna aka yi Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, nan marigayi Kasimu Yero ya yi tashe. Kannywood ta cika duniya. Amma yaro ɗan shekara huɗu, me muka ajiye masa?

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, sana'ar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A ƙasar Hausa, musamman ɓangaren Nijar, akwai abin da ake kira ɗiyan dabo. Mai dabo zai shige ƙarƙashin babbar riga da aka tokare kamar laima, ya riƙa fito da 'yan tsana ta wuyan rigar. Yana sa wani ɗan abu a baki da ke sirantar da murya, makaɗi ko abokin aikinsa na waje yana amsa musu yana fassara wa jama'a. A Borno ma akwai irinsa, tun a shekarun 1930 wani Bature ya rubuta bayaninsa. Ku dubi tsarin da kyau: mutum a ɓoye a ƙasa, hannu a sama, murya ta daban, ga ɗan Adam a gefe yana hira da 'yar tsana. Abin da Amurkawa suka gano da gwaji a 1969 ke nan, mu kuma yana kasuwanninmu tun kafin talabijin ta zo. 'Yan uwanmu Tibi na Binuwai sun riƙe nasu, Kwagh-hir, har UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2019.

A cikin gida ma haka. Yayyenmu mata da kara da tsumma da zare suke haɗa 'yar tsana, a yi mata kitso, a yi mata biki har da kai amarya da 'yan kayan ɗaki na gwangwani. Mu maza muna can muna motar kara. Labarai kuma ga su jibge: Gizo da Ƙoƙi, Ɓotorami, Kura da wautarta, Dila malamin daji. Gizo ma har muryarsa an riga an tsara mana, da tsamin bakinsa da komai. Wanda Henson zai biya marubuta su ƙirƙiro masa, mu kakanninmu sun bar mana kyauta.

Kar kuma a ce na ce da can komai daidai ne. A'a. Shirin na Turanci ne, rabin abin da ake faɗa ya wuce mu. Yara da yawa ba su taɓa ganin talabijin ba sam. Kuma a kan tabarmar nan maza sun fi yawa, don ƙarfe huɗu ta yi wa 'yan mata da yawa a bakin titi da farantin talla a ka. Yaran yanzu sun fi mu samun abin kallo nesa ba kusa ba.

Amma ku lura da yadda suke kallon. Yaro shi kaɗai, waya a hannu, fuska a manne da allo. Bidiyo na ƙarewa wani na shigowa, babu taken ƙasa, babu sai da safe. Mu namu yana ƙarewa, ko kana so ko ba ka so, a zuge ƙofar talabijin, a ce kowa ya tafi gida magariba ta yi. Sai mu fita waje mu kwaikwayi abin da muka gani, wannan ya zama Dodo, wancan ya zama Sarkin Bola. Rabin amfanin a nan yake. Sannan akwai babba a ɗakin, tana tankaɗe ko tana tsintar shinkafa, amma kunnenta na wurin. Yanzu uwa ta miƙa waya don a bar ta ta yi girki, ban ga laifinta ba, gajiya ce. Sai dai wanda ya haɗa bidiyon bai san yaron ba, bai san Hausa ba, kuma ribarsa ita ce yaron ya daɗe bai ajiye wayar ba.

Ga kuma wani abu mai nauyi. A jihar nan tamu da maƙwabtanta akwai yaran da suka ga abin da bai kamata yaro ya gani ba. An tashe su daga ƙauyukansu cikin dare, wasu an ɗauke iyayensu, wasu suna firgita in babur ya wuce. Wa ke yi musu magana daidai hankalinsu? A ƙasashen Larabawa, saboda yaran da yaƙin Siriya ya raba da gidajensu, an yi shiri na musamman mai suna Ahlan Simsim, ya fara a 2020, yana koya wa yara sunan abin da suke ji a rai, tsoro ne, fushi ne, kewa ce, da yadda za su lallashi kansu. Namu yaran da wane harshe za a yi musu wannan in ba Hausa ba?

Na san akwai mai cewa, "To ya hukuncin mutum-mutumi?" Tambaya ce mai kyau, kuma malamai ne masu amsa ta dalla-dalla. Abin da na sani shi ne ya tabbata a hadisi cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana ita da ƙawayenta a gidan Manzon Allah (SAW), kuma malamai da dama sun kafa hujja da shi wajen sassauci a kan kayan wasan yara. Duk mai shirin farawa ya zauna da malaminsa ya ji iyakokin.

Yanzu ga inda na dosa, kuma da ku nake, matasa masu TikTok da YouTube. Katun yana da tsada: kwamfuta mai ƙarfi, wuta, watanni ana zane kafin a sami minti biyar. 'Yar tsana fa? Ka shiga Kasuwar Barci ka sayi safa da tsohuwar rigar sanyi a gwanjo. Ka samo guntun soson katifa, maɓalli biyu, kwali na baki. Ka kai wa telan layinku. Ka kifa tebur, ka rufa zane, ka ɗora waya a kan bokiti. Ka tuna da kwat ɗin mahaifiyar Henson.

Amma ɗinkin shi ne mai sauƙin. In za ku yi, ku ba ta hali guda da yaro zai riƙe: mai haɗama, ko matsoraci, ko mai tambayar tsiya. Ku koyar da abu ɗaya a kowane shiri, baƙi ɗaya, lamba ɗaya, ɗabi'a ɗaya, kar ku mai da shi wa'azin awa guda. Ku nemi malamar nazare ko ta Islamiyya ta duba abin da kuka rubuta. Ku sa yaro na gaske a gefenta suna hira. Sannan kafin ku saki, ku tara yaran gidanku biyar ku kunna musu, ku kuma ku kalli fuskokinsu. Inda suka fara waige-waige, nan ne za ku yanke. Yara ba sa kara, in abu bai yi ba tashi za su yi.

Iyaye da yayye kuma, ko ba za ku haɗa komai ba, ku zauna ku kalla tare da su ko na minti goma ne. Ku tambaye su, "Me ya ce? Me ya sa ta yi kuka?" In ya ƙare a kashe, a fita tsakar gida.

Nan zan tsaya yau. Ina so in ji naku: wane shiri ne na yarintarku, kuma wane suna kuka raɗa wa 'yan tsanan a unguwarku? Wanda kuma kakarsa ko kakansa ya taɓa ganin mai dabo da idonsa, don Allah ya zauna da su ya ɗauki muryarsu a waya tun suna raye, ya turo mana mu saka a shiri na gaba. In wani ya ɗinka Gizo, ni ma ina so in gani.

Allah ya raya mana yaranmu, ya shirya mana su, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.